Tarihin Juya Lamba Daga Tushe Zuwa Tushe



Dattawan da suka riƙe littafin kuɗi a ofis kafin ranar 1 ga Janairu 1973 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan batu. A wancan zamani kwabo 12 ne sule, sule 20 kuma fam guda, saboda haka akawu yana aiki da ƙirga iri uku a shafi ɗaya. Da Naira ta zo, sai komai ya koma goma-goma. Wannan adadi da ake cikawa kafin a haura gida na gaba shi muke kira tushe.

Goma ba ta fi sauran lambobi daraja ba, yatsunmu ne suka zaɓar mana ita. Mutanen Babila da sittin suka yi lissafi, shi ya sa har yau minti 60 ne awa. A shekarar 1703 Bajamushen nan Leibniz ya wallafa bayanin ƙirga da alama biyu tak, watau 0 da 1. Hanyar juyawa kuwa mai sauƙi ce. Alal misali a ɗauki 13 a yi ta raba ta biyu ana ajiye saura: a sami 6 saura 1, sannan 3 saura 0, sannan 1 saura 1, sannan 0 saura 1. In aka karanta sauran daga ƙarshe zuwa farko, sai a sami 1101.

Wannan ya daɗe yana zaman abin sha'awar masana kawai, sai da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta bayyana. ENIAC, wadda aka gama ginawa a Amurka a 1945, da tushe goma take aiki. Amma a cikin shekarar nan John von Neumann ya rubuta rahoton da ya fifita tushe biyu, don wayar lantarki hali biyu ta sani, ko da wuta ko babu. Daga nan fa dole aka nemi tafinta tsakanin mutum da na'ura. A Jami'ar Kambirij, a 1949, wani ɗalibi mai suna David Wheeler ya rubuta wa na'urar EDSAC umarni 31 kacal, waɗanda cikin aikinsu har da karanta lambobin goma-goma daga ƙyallen takarda mai huji su mayar da su tushe biyu. A ganina wannan ɗan gajeren rubutu ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da na'urar kanta.

To, cikakkiyar lamba tana ƙetarewa lafiya. Gutsure shi ne matsala. Kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a tushe goma, 0.333 har abada, haka ɗaya bisa goma ba ta ƙarewa a tushe biyu: 0.000110011, a yi ta maimaita 0011. Na'ura kuwa gidajenta ƙididdigaggu ne, tilas ta yanke a wani wuri.

Ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, an ga abin da wannan yanka ke jawowa. Makamin kariya na Patriot da Amurka ta girka a Dahran, ƙasar Saudiyya, agogonsa yana ƙirga lokaci da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an kuma yanke lambar a gida na 24. Kuskuren kowane bugu bai kai a kula da shi ba, amma na'urar ta yi kamar awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, har ya taru ya kai daƙiƙa 0.34. A cikin wannan ƙiftawar ido makamin Scud yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta neme shi inda ba ya nan, ba ta harba komai ba, ya faɗa kan barikin soja ya kashe mutum 28. Gyararren umarnin da zai magance kuskuren ya iso Dahran washegari.