Dillali: Daga Kasuwar Shinkafi Zuwa Intanet

Daga Larabci Hausa ta aro "dillali", wato dallāl, kuma tushensa ɗaya da "dalili": nuna hanya. Tun asali aikin dillali nuni ne, kayan na wani ne. A kasuwar dabbobi ta Shinkafi, mai sa daga Zurmi yakan fara neman dillali, don shi ya san inda mai saye yake. Haka fatake suka dogara da dillalai a Ƙauran Namoda bayan isowar jirgin ƙasa a 1929.

Shi ya sa nake ganin sunan ya dace da Google. Mai shafin intanet yakan miƙa masa adireshinsa, ya riƙa sanar da shi duk sabon abin da ya ɗora, domin kayan da dillali bai sani ba sai su kwana a rumfa. Wani zai ce ai Google ba ya karɓar la'ada. Yana karɓa, sai dai daga aljihun masu talla, kuma wanda ya biya yakan fito a saman sakamako da alamar talla. Saboda haka mai bincike ya duba alamar kafin ya amince.