Robar da yara ke tsotsa: tarihin fitalet a zare ɗaya

1/ Jama'a, akwai wani sinadari da aka gano yana zuba cikin jinin mutane tun 1970, amma sai a 2008 Amurka ta yi dokar cire shi daga kayan wasan yara. Shekara 38 fa. Sunansa fitalet. A darasin wannan zangon muka ci karo da shi, na bi tarihinsa. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Mu fara da robar kanta. PVC, wadda ake bututun ruwa da ita, wani Bajamushe mai suna Eugen Baumann ne ya haɗa ta a 1872. Matsalarta tauri, ga saurin karyewa. Ta yi sama da shekara 50 ba ta da wata kasuwa ta a zo a gani.

3/ A 1926 Waldo Semon, ma'aikaci a kamfanin taya na B.F. Goodrich a Amurka, ya gano cewa in aka cakuɗa PVC da wasu sinadarai masu kama da mai, sai ta yi laushi tana lanƙwasuwa. Daga shekarun 1930 dangin fitalet suka kama wannan aikin, babban cikinsu shi ne DEHP.

4/ Daga nan aka samu tiyo, rigar wayar lantarki, ledar ɗaki, takalmin roba, 'yar tsana mai laushi. A wasu kayan, fitalet na kaiwa kashi 40 cikin 100 na nauyin robar. Kuma bai manne da ita ba. Kamar mai ne a jikin ƙosai: yana ciki, amma ka ɗora a takarda ka ga ya fito. Zafi da maiƙo na ƙara fito da shi.

5/ A 1950 wani likita a Boston, Carl Walter, shi da abokin aikinsa suka fito da ledar jini. Kafin nan a kwalba ake ajiye jini, tana fashewa, ga wahalar ɗauka. Ledar ta ceci rayuka masu yawa, wannan kam ba musu.

6/ Sai a 1970 wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins, Rudolph Jaeger da Robert Rubin, suka nuna cewa DEHP na fita daga ledar ya shiga jinin da ke ciki. A 1972 suka nuna shi a jikin waɗanda aka yi wa ƙarin jini. Daga nan aka fara yi wa robar kallon tsaf.

7/ A 1982 wani gwajin gwamnatin Amurka ya nuna DEHP na jawo ciwon dajin hanta a ɓeraye. A 1986 masu kayan wasan yara suka yarda, bisa raɗin kansu, su rage shi a abin tsotso da robar da jariri ke ciza lokacin haƙori. Me suka sa a madadinsa? Ƙaninsa, DINP. Ku riƙe wannan sunan.

8/ A 1991 Theo Colborn ta tara masana a jihar Wisconsin, daga nan maganar “masu dagula homon” ta fito. Tambayar ta canza. Da ana tambayar nawa ne zai kashe ɓera. Yanzu ana tambayar me ɗan kaɗan zai yi wa ɗan tayi ko jariri a lokacin da homon ke tsara jikinsa.

9/ Turai ta riga kowa motsi. A Disambar 1999 Tarayyar Turai ta yi dokar gaggawa kan fitalet guda 6 a kayan wasan da 'yan ƙasa da shekara 3 ke sawa a baki. Cikin shidan har da DINP, wancan ƙanin da aka kawo a matsayin mafita. A 2005 dokar ta zama ta dindindin.

10/ A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja hankalin asibitoci kan jarirai maza da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, irin su bakwaini. Jiki ƙarami, ga robobin ƙarin ruwa da na abinci ta ko'ina. Ta ce a yi amfani da kayan da ba DEHP in akwai, amma kada a fasa yi wa yaro magani saboda tsoron roba.

11/ A 2004 wani bincike a Suwidin ya duba ƙurar ɗakunan kwanan yara. Inda ƙurar ta fi ɗauke da DEHP, an fi samun asma. Inda ta fi ɗauke da ɗan uwansa BBP, an fi samun borin hanci da ƙyasbi mai ƙaiƙayi. Ɗakunan da aka shimfiɗa wa ledar PVC sun fi tara su.

12/ A 2005 Shanna Swan ta auna fitsarin masu ciki, sannan ta auna 'ya'yansu maza bayan haihuwa. Iyayen da suka fi fitalet a jiki, 'ya'yansu sun fi gajeriyar tazara tsakanin dubura da al'aura, alamar raunin aikin homon ɗin maza tun a ciki. An riga an ga haka a ɓeraye.

13/ A Agustan 2008 George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta hana DEHP, DBP da BBP wuce kashi 0.1 cikin 100 a kayan wasa da na reno. A 2017 jerin ya kai guda 8.

14/ Amma dokar kayan wasa ba ta tsare abinci. A 2011 a Taiwan, wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin gwamnati ta gano DEHP a wani garin ƙarin lafiya. Da aka bi sawu, ashe wasu masu haɗa sinadarin da ke sa lemo ya yi kauri a ido sun daɗe suna zuba shi a madadin man ja, don ya fi araha. Lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace, har da kayan yara.

15/ To, ina maganar ƙiba ta shigo? A 2006 Felix Grün da Bruce Blumberg na jami'ar Kalifoniya suka raɗa kalmar obisojin, wato sinadari mai tura jiki ya tara kitse. A kan wani sinadarin fentin jirgin ruwa suka fara aikin, daga baya fitalet ya shiga jerin waɗanda ake zargi.

16/ Dalilin zargin: in DEHP ya shiga jiki yana komawa MEHP, shi kuma a ɗakin gwaji yana kunna wani makunni a ƙwayar halitta da ake kira PPAR-gama. Wannan makunnin ne ke umartar ƙwaya ta zama ƙwayar kitse.

17/ A 2013 Leonardo Trasande na jami'ar New York ya duba bayanan yara sama da 2,800. Ya ga alaƙa tsakanin irin fitalet ɗin da ke cikin turare da man shafawa da ƙiba, amma a yara baƙar fata kawai. A wani bincikensa na shekarar, DEHP ya zo tare da ƙin jin insulin a samari da 'yan mata.

18/ Kada wani ya tafi ya ce roba ce ke sa ƙiba, shi ke nan. Sakamakon binciken ciki da yarinta ya sha bamban: wani ya ga ƙarin nauyi, wani bai ga komai ba, wani ma raguwa ya gani a 'ya'ya mata. Fitalet na fita ta fitsari cikin kusan kwana ɗaya, don haka awo ɗaya ba ya ba da labarin wata tara. Kuma mai yawan cin abincin kanti yana samun fitalet da sukari tare.

19/ Wannan saurin fitar ne labari mai daɗi. A 2011 an ba iyalai 5 a yankin San Francisco sabon abinci da bai taɓa roba ba, na kwana 3 kacal. Ragowar DEHP a fitsarinsu ta ragu da fiye da rabi.

20/ Mu a nan fa? Ledar ɗaki da yara ke rarrafe a kai yawanci PVC ce. Kayan wasa masu laushi da ake kasawa a kasuwa, da yawa ba ko rubutu a jiki. Farar ledar ƙulli da ta fiya wata dai wata roba ce daban, foliyetilin, ba ta buƙatar fitalet don ta yi laushi. Duk da haka zuba koko mai zafi a ciki ba dabara ba ce.

21/ Abin da za a iya: a duba lamba 3 cikin alwatika a ƙasan roba, PVC ce. Kada a bar jariri ya tsotsi roba mai laushi mai warin sabon takalmi. Abinci mai zafi da mai a sa shi a tangaran, kwalba ko kwanon sitil. A goge ledar ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke wa yaro hannu kafin ya ci. Turare a kayan uwa, ba a fatar jariri ba.

22/ Yawancin yaran da aka haifa tsakanin 1970 da 2008 sun gama haƙorinsu kafin dokar Amurka ta iso. Shi ya sa ban ga dalilin da za mu jira a gama gardamar ƙiba kafin mu cire roba ɗaya daga bakin ƙaninmu ba. Ku tura wa yayarku ko matar yayanku mai goyo. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lacca in sha Allah.