Damagaram: tashar jiragen da ba su taɓa ganin teku ba

 In ana maganar Libaful a fada-fadan Kara-Kara, ƙwallo ake nufi. Amma tun kafin a haifi kulob ɗin, kuɗin wannan gari na Ingila ya riga ya ratsa Zango.

Libaful tana bakin kogin Marsi, inda yake faɗawa teku. Ruwan wurin yana hawa da sauka har kusan mita 10, jirgi sai ya kwana a kan taɓo. A 1715 suka gina wani babban gurbi mai ƙofofi da ke riƙe ruwa, jirage su tsaya a yi lodi ko da teku ta janye. Daga nan gari ya yi ƙiba, kuma kowa ya san da yawa daga arzikin nan na cinikin bayi ne. Audugar da Mancesta ke saƙawa ta nan take shiga, yadin kuma ta nan yake fita.

To mu ina ruwanmu? Wani kaso na yadin nan jirgi ke sauke shi a Tarabulus, raƙumi ya ɗauka. Gadamus, Gat, Abzin, Damargu, sai Damagaram, kafin Kano. Wata da watanni ayari na tafe. Birni na Sarki ne da ganuwarsa, Zango kuwa masaukin Abzinawa da Larabawa da fatake, wato shi ne bakin gaɓarmu. Nan ake kwance akoko da takarda da sukari, a ɗaure gashin jimina da ƙirgi da hauren giwa. Da mutane ma, wannan ba mu ɓoye shi: bayi na cikin kayan da suka yi arewa, kamar yadda na Libaful suka yi yamma. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ciniki ya kai ƙarshen ƙarfinsa, har igwa ake ƙerawa a garin. Attajirai irin Malam Yaro suna da wakilai a garuruwa masu nisa.

Shekara guda ta karya komi. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1911 ɗin kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da ke cin watanni a Sahara ya koma zuwa ta teku, jiragen Elder Dempster daga Libaful zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa. Mu da muke ƙofar shiga, muka koma ƙarshen hanya. Gyaɗarmu ma daga baya kudu ta riƙa bi.

Sai ruwa ya ƙarasa aikin. Garinmu a kan dutse yake zaune, duwatsun nan da muke taƙama da su ba su aje ruwa a ƙarƙashi. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birni a 1911, suka kwashe zuwa Yamai a 1926. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, ko da yake a ganinmu kusancinmu da Kanon Ingilishi ma ya hana su barci. Yamai kuwa ga kogi a ƙofar gida.

Shi ya sa har yau daga nesa ake jawo mana ruwa, Arunguza, Gogo da Macaya, Ganaram. In watan Afrilu ya kama, layin bidon a pampo da farashin ƴan garuwa su ne labaran da kuka fi kiranmu a kansu a radiyo.

Kuma har yau tekun wasu muke jira. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke biyo Kwatano da yawa sun koma Lome, su ratsa Burkina, su iso Yamai, sannan kamyo ya ƙara wajen kilomita 900 kafin a kwance su a kasuwar Dole.