Daga Hanjin Kare Zuwa Dafin Ƙadangare: Asalin Allurar Suga da Ƙiba

A watan Janairun 1902, a wani ɗakin bincike a Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka duƙufa kan wani kare da aka sa wa maganin barci. Sun ware wani yanki na ƙaramin hanjinsa, suka yanke jijiyoyin saƙon da ke haɗa shi da sauran jiki, suka bar hanyoyin jini kawai. Da suka zuba asid a ciki, sai fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, ta fara tsiyayar da ruwanta. Starling ya kankare fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace, ya ɗura wa karen a jini, sai ruwan ya ɓalle. Ashe hanji na aika saƙo ta cikin jini. Wannan sinadari, sikiritin, shi ne homon na farko da aka gano.

Nan take wasu suka fara zargin cewa hanji na da hannu a sarrafa suga ma. A 1906 likitoci a Libaful suka gwada ba masu ciwon suga ruwan hanji, abin bai yi armashi ba. Gano insulin a Toronto a 1921 ya ɗauke hankalin kowa, maganar hanji ta kwanta. Sai a 1964 masu bincike a Ingila da Amurka suka nuna cewa sugan da aka sha ta baki yana tayar da insulin fiye da wanda aka ɗura ta jijiya. Ke nan akwai abin da hanji ke sanar da fankiriyas, mai samar da insulin, da zarar abinci ya iso.

John Brown ya gano ɗaya daga cikin waɗannan 'yan aike, GIP, a Kanada a farkon shekarun 1970, amma ƙarfinsa ya yi rauni a jikin masu ciwon suga nau'i na biyu. Na biyun, GLP-1, ya fito ne daga aikin Joel Habener a Boston, wanda ya fara da ƙwayoyin halittar wani kifin teku. Svetlana Mojsov, masaniyar haɗa sinadarai 'yar asalin Masedoniya, ita ta gane guntun da ke aiki, ta haɗa shi da hannunta. Jens Juul Holst ya kai ga wannan sakamako a Denmak, duka aka buga a 1987. Abin takaici ne cewa ba a saka sunan Mojsov a takardun mallakar fasahar ba, sai da ta shafe shekaru tana fafutuka kafin a saka shi. Lambar yabo ta Lasker da ta samu a 2024, tare da Habener da Lotte Bjerre Knudsen, ta zo a makare.

Kyawun GLP-1 shi ne ba ya tayar da insulin sai suga ya hau, don haka da wuya ya faɗar da sugan mutum ƙasa. Yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Cikas ɗaya ne: wani sinadari a jini, DPP-4, yana lalata shi cikin kamar minti biyu.

Mafita ta zo daga hamadar Arizona. Akwai wani ƙadangare mai dafi, Gila, mai kaurin jela da fata baƙa da ratsin ruwan lemo kamar an jera duwatsun ado, wanda 'yan lokuta kawai yake cin abinci a shekara. John Eng, likita a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx a New York, ya samo a dafinsa wani sinadari mai kama da GLP-1 wanda ke daɗewa awoyi a jini, ya buga binciken a 1992. A 2005 Amurka ta amince da kwafinsa, Byetta, allura sau biyu a rana.

A kamfanin Novo Nordisk kuwa, Knudsen da abokan aikinta suka liƙa wa GLP-1 jelar kitse don ya maƙale wa albumin na jini ya tsira. Haka aka samu Victoza ta kullum, sannan Ozempic ta mako-mako a 2017. Da aka ga marasa lafiya na ramewa, aka fitar da Wegovy don ƙiba a 2021. A babban gwajinta mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68. Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly, da ta fito a 2022, ta haɗa aikin GIP da GLP-1 wuri guda.

Allurar na zuwa da tashin zuciya da amai, musamman a farko, kuma tsadarta ta sa akasarin masu ciwon suga a Kano ko Maraɗi har yanzu tsofaffin magunguna irin su metformin da insulin suka dogara da su. Ba a kuma yin ta sau ɗaya a huta: waɗanda suka daina Wegovy a wancan gwaji, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo.