Lasisin Ɗori na Ɗalibai a Kan Kwamfutar Haɗi

Lasisin ɗori na ɗalibai izini ne da kamfanin manhaja ke sayar wa ɗalibi da rangwame, ko ya ba shi ta hannun makarantarsa, domin ya sauya tsohuwar babbar manhajar kwamfutarsa da sabuwa. Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da na'urar gaba ɗaya, irin su Windows da Linux, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama. An fi sanin wannan lasisi a Windows na kamfanin Microsoft. Sharaɗinsa yana cikin sunansa: ɗori ne, sai da wani lasisin a ƙasa ake aza shi. Ita kuwa kwamfutar haɗi, wato wadda aka sayi sassanta ɗai-ɗai aka harhaɗa a shago ko a gida, tana zuwa ne da faifan ajiya fanko, ba ta taɓa ɗaukar wata manhaja ba. Shi ya sa ɗalibi kan biya kuɗinsa, ya karɓi mabuɗi na gaskiya, amma ya shigar da shi na'ura ta ƙi karɓa.

Ire-iren lasisi

Lasisin Windows da mutum ɗaya ke riƙewa ya kasu uku. Akwai cikakken lasisin kanti, wanda ake saya shi kaɗai. Shi ya fi tsada, kuma mai shi yana da ikon cire shi daga wata na'ura ya mai da shi wata, muddin a kan guda ɗaya yake aiki a lokaci guda. Akwai lasisin masana'anta, wanda kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo ke sakawa kafin kwamfuta ta bar hannunsu. Wannan a ɗaure yake da na'urar da aka fara kunna shi a kanta, musamman babban allon da ke riƙe da sauran sassa, wanda masu gyara a Kano ke kira bod. In bod ɗin ya mutu aka jefar da na'urar, lasisin ya bi ta. Na uku shi ne na ɗori, wanda a zamanin da ake sayar da shi a kanti ya fi araha saboda an ɗauka mai sayensa ya riga ya biya kuɗin tsohuwar Windows.

Lasisin da jami'o'i da ma'aikatu ke saya da yawa a lokaci guda, shi ma a ƙa'idar Microsoft na ɗori ne idan ana maganar Windows ta kwamfutar tebur ko ta cinya. Wannan batu ne da ke ɓace wa mutane da dama, har da wasu masu kula da ɗakunan kwamfuta.

Yadda ake tabbatar da lasisi

Microsoft ya shigo da tilasta tabbatar da lasisi a Windows XP a shekarar 2001. Kowane lasisi yana da mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, a jere biyar-biyar gida biyar. Idan aka shigar da shi, manhajar takan duba sassan na'urar, ta fitar da wata lamba da ke zaman shaidar wannan na'ura, ta haɗa da mabuɗin ta aika wa kamfanin ta intanet. In ba a taɓa amfani da mabuɗin fiye da ƙima ba, sai amsa ta dawo cewa an tabbatar. A Windows 7 ana ba mutum kwana 30 ya yi wannan. In wa'adin ya wuce, fuskar allo takan koma baƙa, sanarwa ta riƙa fitowa cewa kwafin ba na gaskiya ba ne, ko da yake na'urar ba ta daina aiki. A wancan zamani wanda ba shi da intanet yana iya kiran waya, ya karanta doguwar lambar da na'urar ta nuna masa, a karanto masa wata ya shigar. Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai a wuraren da intanet ke da tsada ko rauni.

Tayin 2009

Lamarin da ya sa wannan batu ya yi suna shi ne na Windows 7, wadda ta fito ranar 22 ga Oktoba 2009. Microsoft ya yi wa ɗaliban manyan makarantu tayin lasisin ɗori na Home Premium ko Professional a kan dala 29.99 a Amurka da fam 30 a Birtaniya, da wasu ƙasashe 'yan kaɗan, ta hannun kamfanin Digital River. Shaidar zama ɗalibi ita ce adireshin imel na makaranta. Tsohon lasisin da ake buƙata a ƙasa kuwa na Windows XP ne ko Windows Vista.

Ɗalibai da yawa sun ga farashin suka ruga, ba su karanta kalmar ɗori ba. Wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta sai ya ci karo da cikas biyu. Na farko, abin da aka fara ba su su sauke ba faifan tayar da na'ura ba ne, wani ƙunshi ne da sai cikin Windows mai aiki ake kwance shi, alhali sabuwar na'ura ba ta da komai. Na biyu ya fi nauyi. Ko an yi dabara an mai da ƙunshin faifai an girka manhajar, takan lura cewa ba ta tarar da tsohuwar Windows a faifan ajiya ba, sai ta ajiye wannan a cikin rajistarta. Idan aka zo shigar da mabuɗi, sai ta ba da lambar kuskure 0xC004F061, wadda ma'anarta ita ce mabuɗin na ɗori ne, ba a kafa sabon gini da shi.

Nan da nan masana suka gano hanyoyin kaucewa. Wasu su girka manhajar ba mabuɗi, sannan su sake girka ta a kan kanta, domin ta ɗauki kwafin farko a matsayin tsohuwar Windows. Wasu su sauya lamba guda a cikin rajista. Duka biyun sun yi aiki. Amma Microsoft ya bayyana a lokacin cewa yiwuwar abu a na'ura ba ta mai da shi halastacce a yarjejeniya: wanda yake da tsohon lasisin da ya cancanta, dabarar ba ta fitar da shi daga ƙa'ida ba, wanda ba shi da shi kuwa, ko allon ya nuna an tabbatar, ba shi da lasisi.

A nan ne ake buƙatar rarrabewa da kyau, domin mafi yawan ruɗanin a nan yake. Ɗalibin da ke da cikakken lasisin kanti na XP ko Vista, ya cire shi daga tsohuwar na'ura ya daina amfani da shi a can, yana da hurumin ya mai da shi tushe a sabuwar kwamfutarsa ya aza na ɗori a kai. Ɗalibin da tsohuwar Windows ɗinsa ta zo ne tare da kwamfutar kamfani, mai sitika a gefe ko a ƙasa, ba shi da wannan hurumi, don lasisin sitikar na waccan na'urar ne har abada. Kuma tsohon lasisin da aka aza ɗori a kansa ya shige cikin sabon, ba a ba wa ƙane ko aboki shi ya ci gaba da amfani.

A Kabara da cikin birnin Kano

Don ganin yadda batun yake a Kano, a ɗauki Kabara, unguwa ce a cikin ganuwar birnin, daf da Gidan Sarki. Sunanta ya samo asali ne daga Malam Umaru Kabara, wanda ake danganta shi da Kabara ta bakin kogin Kwara kusa da Tambutu, kuma a nan Gidan Ƙadiriyya yake, inda Shaihu Nasiru Kabara ya karantar har rasuwarsa a 1996. Unguwa ce ta littafi da almajirai, kuma mutanenta ba baƙi ba ne ga bambancin riƙe littafi da samun ijaza a kansa. Mutum yana iya mallakar kwafi mai kyau, ya iya karanta shi, amma izinin ruwaito shi daga hannun wani yake zuwa, wanda shi ma ya karɓa daga wani. Ba a haɗa darajar ilimin addini da hajar kamfani, amma ta fuskar tsari kaɗai misalin yana haskaka batun: lasisin ɗori ba ya tsayawa sai da wanda ya gabace shi.

Ɗalibin da ke zaune a irin wannan unguwa, yana karatu a Jami'ar Bayero ko wata babbar makaranta, in zai haɗa kwamfuta yakan nufi titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, inda kaya da yawa ke zuwa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Abin da ake kira sabon haɗi a nan sau da yawa gauraye ne: bod da furosesa na hannu da aka ciro daga kwamfutocin ofis da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, sai faifan ajiya sabo, sai akwati. Wannan yana ƙara dagula lissafin lasisi. Akwatin yana iya zuwa da sitikar Windows ta gaskiya, amma in bod ɗin da ke ciki ba nasa ba ne, sitikar ba ta da amfani. A gefe guda kuma, tun daga Windows 8 a 2012 manyan kamfanoni suka koma binne mabuɗi a cikin bod maimakon sitika, saboda haka tsohuwar kwamfutar kamfani da ba a taɓa bod ɗinta ba takan tabbatar da kanta da zarar an girka mata irin Windows ɗin da ta zo da ita. Ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, sayen irin wannan na'ura a ƙara mata ram da faifai ya fi haɗi daga tushe sauƙin sha'ani.

Al'adar kasuwa ita ce mai haɗi ya saka Windows kyauta a matsayin gyara, ba a tambayi daga ina ba. Galibi ana kunna irin wannan kwafi ne da 'yar manhajar da ke kwaikwayon na'urar tabbatarwa ta manyan ma'aikatu, wadda lasisinta ke buƙatar sabuntawa cikin kowane kwana 180. Masana tsaron kwamfuta sun sha samun manhajojin satar bayanai a ɓoye cikin irin waɗannan kayan. Wanda ke shiga asusun bankinsa ko ya ajiye kundin bincikensa a na'urar, kasadar da yake ɗauka ta fi kuɗin da ya yi tsiminsa. Ta fuskar doka ma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare manhajojin kwamfuta a cikin rukunin rubutattun ayyuka.

Adalci ne kuma a faɗi cewa farashin cikakken lasisi da dala ake yanka shi, kuma idan aka juya shi zuwa naira yakan kai ko ya zarce kuɗin tsohuwar kwamfutar kanta. Ba son zuciya kaɗai ke tura ɗalibai ga kwafin bogi ba.

Bayan Windows 7

Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, aka ba masu halastacciyar Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta na shekara guda. Da ita aka shigo da lasisin da kamfanin ke ajiyewa a wurinsa tare da shaidar na'ura, ta yadda in an goge faifai aka sake girkawa ba sai an nemi mabuɗi ba. Daga 2016 aka ba da damar ɗaure lasisin da asusun Microsoft, abin da ke taimaka wa mai lasisin kanti idan ya sauya bod. An daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, kuma a Satumba 2023 Microsoft ya rufe ƙofar kunna Windows 10 da 11 da tsofaffin mabuɗan 7 da 8. Saboda haka mabuɗin ɗalibai na 2009 ba ya tsinana wa sabon haɗi komai a yau.

Shirin ba ɗalibai manhaja ya sha sauya suna, daga DreamSpark na 2008 zuwa Imagine, zuwa Azure Dev Tools for Teaching a 2019, kuma ta irin wannan hanya ake samun bugun Education na Windows. Samunsa ya dogara ne da yarjejeniyar da makaranta ta ƙulla, shaidar kuma adireshin imel ne na makarantar, wanda a jami'o'in Nijeriya yake ƙarewa da edu.ng. Sashen kwamfuta na makaranta ne zai iya faɗa wa ɗalibi ko yana da rabo, da kuma ko lasisin yana bin sa bayan kammala karatu.

Mai haɗa kwamfuta yau yana kuma buƙatar ya duba bod da furosesa kafin ya biya, domin Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ram aƙalla gigabait 4, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Wanda ba shi da tsohon lasisin kanti, zaɓinsa na halas a kan faifai fanko shi ne cikakken lasisi, ko lasisin masana'anta da mai shagon haɗi zai saka masa, wanda zai ɗaure da wannan bod, ko kuma ya saka Linux irin su Ubuntu, wadda ake rabawa kyauta tun 2004 ba tare da mabuɗi ba.