Tarihin Fentin Ƙananan Samfuran Jiragen Sama Masu Fiffike Hawa Biyu

Ƙera ƙaramin samfurin jirgin sama sana'ar hannu ce da ake bin awo a cikinta. A awon 1:72, inci ɗaya na samfurin yana wakiltar inci 72 na jirgin gaske. Aikin da ya fi wuya a sana'ar shi ne fito da kamannin jiragen farko masu fiffike hawa biyu, domin jikinsu katako ne da yadi da waya, kuma kowanne da yadda yake karɓar haske.

Abin da ake kwaikwayo

Jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 farin yadi kawai aka lulluɓa masa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, an fara shafa wa yadin wani ruwan sinadari mai suna dof, wanda in ya bushe sai ya ɗaure yadin tamau kamar fatar ganga. Da aka ga rana tana cin yadin, Birtaniya ta ɗauki launin PC10 a 1916. Haɗi ne na rawayar ƙasa da kunkunniya, ana shafa shi a saman jirgi, a bar ƙasansa da launin lilin.

Jamusawa kuwa, daga 1917, sun riƙa buga wa yadinsu zane mai kusurwoyi da launi huɗu ko biyar tun daga masaƙa, don rage nauyin fenti, kamar yadda ake gani a jirgin Fokker D.VII. Gangar jikin jirgin Albatros siraran katako ce mai sheƙi. Injin jirgin Sopwith Camel yana feso man zurma, ya ɓata gaban jirgin. Bayan yaƙi sojan saman Birtaniya ya koma shafi mai launin azurfa, wanda ya fi kare yadi daga rana. A wannan zamani ne jirage uku ƙirar DH.9A suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925.

Matakan sana'ar

Samfuran Skybirds na Ingila suka fara yaɗa awon 1:72 a 1932, da katako wanda mai saye zai sassaƙa ya goge da hannunsa. A 1936 FROG Penguin suka fito da na roba. A shekarun 1950 kamfanonin Airfix da Aurora da Revell sun cika kasuwa, fentin Humbrol na ƙananan gwangwanaye ya zama abokin aiki. Sai dai samfuran lokacin sun yi yawan ƙari: an zana saƙar yadi ƙuru-ƙuru, an lotsa shi tsakanin haƙarƙarin fiffike, alhali yadin gaske a miƙe yake sumul.

Kafa ƙungiyar masu ƙera samfura ta IPMS a Birtaniya a 1963 ya kawo gasa, gasa ta kawo bincike. Masu sana'a suka koma kankare ƙarin, suna manna siraran ƙyallaye a kan haƙarƙari yadda aka yi wa jirgin asali. Don fito da jijiyar katako, sai a fara shafa launin ƙasa mai haske, a ɗora fentin mai, a ja shi da busasshen buroshi ko soso tun bai bushe ba, a jira kwanaki, sannan a rufe da shafi mai ruwan zuma. Wayoyin da ke riƙe fikafikai ana yin su da zaren kamun kifi ko zare mai talewa. Kamfanin Wingnut Wings, wanda mai shirya fim Peter Jackson ya kafa a ƙasar Niyu Zilan, ya fitar da samfura a awon 1:32 daga 2009 zuwa 2020, tare da littattafan jagora cike da tsofaffin hotuna.

Taƙaddamar launi

Har yau ana jayayya ko PC10 ya fi karkata ga kore ko ga ruwan ƙasa. Hotunan yaƙin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin lokacin yakan mai da rawaya da ja su yi duhu. Shi ya sa guntayen yadin da gidajen tarihi suka adana suke da daraja, duk da cewa su ma shekaru sun sauya musu launi. Ƙwararren mai sana'a yakan fara neman dalilin kowane tabo kafin ya ɗiga shi: mai a bayan inji, laka a ƙarƙashin fiffike inda taya ke watso ta, koɗewa a inda rana ke duka. Wannan bincike ne ya mai da samfurin hujjar tarihi, domin yawancin jiragen da ake kwaikwayo sun daɗe da ruɓewa.