Dariya Biyu a Rumfar Atamfa

Shekara biyu da suka wuce na raka kawuna Kano sarin atamfa. Daga Garagumsa hanyar sananniya ce: ka kama mota a mararrabar Takeita, ka yi kudu ta Kance da Matamai, ka ƙetare iyaka a Mai Mujiya, sai Daura, sai Kano. A wata rumfa na ce da yaron shago, "Bari in tahi in hito da kuɗin." Ya dubi abokinsa, ya maimaita "tahi" ɗin yana jan ta kamar ƙosai a mai, ya ce, "Alhaji, ga mutanen Faranshi sun iso." Suka tuntsire.

Mai rumfar, wani dattijo, ya tambayi kawu daga ina. Kawu ya ce Damagaram. Dattijo ya gyara zama ya ce, "Ashe bayina ne suka zo gaisuwa." Kawu bai ko ɗaga kai daga turmin da yake dubawa ba, ya ce, "Alhaji, rage mini kuɗin nan tun ban aika an turo igwa ba." Su ma suka yi dariya, aka kawo mana ruwa, aka kuma yi ragin.

Dariya biyu ke nan a rumfa ɗaya. Ta dattijon ba ta taɓa ni ba ko kaɗan, alhali shi ne ya kira mu bayi. Ta yaron kuwa har muka dawo gida tana cina. Tun ran nan nake neman dalili, kuma a tarihi na same shi, ba a nahawu ba.

Igwar da kawu ya ambata ba ƙage ba ce. Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne, kuma Barno yake kai wa gaisuwa, ba Sakkwato ba. Jihadin Shehu Usmanu da ya fara a 1804 bai ci ƙasar ba. Ita ce ma ta zama mafakar waɗanda aka kora, kamar gidan sarautar Katsina kafin su kafu a Maraɗi, da na Daura da suka zauna a Zango da Ɓaure. To ka ga tun nan idon masu tuta ya riga ya sa mana suna: maƙwabtan arewa masu ɓoye abokan gaba. Sai Sarki Tanimu ya zo, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884. Ya ƙarfafa garun Birni, ya tara bindigogi ta hannun fataken Tarabulus, ya sa maƙeransa suka zuba igwa a nan gida. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ta Gat da Agadas ya nufi Kano, a Zangon Damagaram yake sauke kaya. Kano na da tufafi da marina, mu muna da ƙofar hanya. Kowa na buƙatar ɗan'uwansa, kowa na jin haushin hakan.

A ƙarshen ƙarnin abin ya kai ga yaƙi sosai. Wajajen 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya shiga ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Ka tambayi tsohon Damagaram, zai ce maka saura ƙiris a ci Kano. Ka tambayi na Kano, zai ce maka an zo an koma ba a taka ƙofar gari ba. Duk biyun ana iya riƙe su. (In faɗi gaskiya, ni ɗan ƙauye, ban cika yin ƙafafa da wannan jarunta ba. Yaƙin sarakuna da hatsin talaka da ƴaƴan talaka ake yin sa, kuma Damagaram ta kama bayi har cikin ƙauyukan da ke ƙarƙashinta.)

Daga irin wannan karo ne wasan Kanawa da Damagarawa ya samo gishirinsa. Mutum biyu da suka gwada ƙarfi, ba wanda ya haɗiye wani, sai su mai da takobi baki. Sharaɗin wasan ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: in ka jefa, sai ka tsaya a rama. Dattijon nan ya san Damagaram suna ce mai nauyi, shi ya sa ya buɗe ƙofar, kawu ya shiga.

Yaron fa? Shi bai ce Damagarawa ba. Cewa ya yi mutanen Faranshi, kuma wannan suna ƙarami ne a shekaru. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder. A ƙarshen Yulin 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Kuran Daga a Tirmini, nan kan hanyarmu ta zuwa birni, bayan ƴan makonni suka kashe shi. A Fabrairun 1903 Ingilishi suka ci Kano. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, aka wayi gari mu ƴan Faranshi ne, su ƴan Ingilishi. Har yau tsofaffinmu in yaro ya tafi Najeriya sai su ce ya tafi Ingilishi.

Abin da ya biyo baya ne ya karkatar da ma'aunin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya mutu, ƙofar hanyar da muke taƙama da ita ta zama bayan gida. Faransawa kuma ba su taɓa sakin jiki da Damagaram ba, don suna ganin zuciyarta na Kano. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. A 1926 suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai. Wato a Yamai mun cika Kananci, a Kano mun cika Faransanci. Daga baya fari ya zo, na 1973 da na 1984, wanda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari saboda ya haɗu da rufe iyaka. Bakano na yanzu bai san mu a kan doki ba. A ci-rani ya san mu: mai shayi, mai gadi, ɗan ga-ruwa. Kuma duk wanda ya fito daga arewacin iyaka Buzu ne a bakinsa, ko da Bahaushe ne kaka da kakanni.

Sai maganar harshe, wadda ita ce sana'ata. Lokacin da aka zauna daidaita rubutun boko, Kananci aka ɗauka ma'auni. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a Zariya a 1939, aka kafa hukumar Hausa a 1955. Mu kuwa a lakwal ɗinmu ba a ma yarda a yi Hausar ba, balle a rubuta ta. Da "tafi" ta shiga littafi, sai "tahi" ta zama kuskure, alhali ba wadda ta fi wata zama Hausa. Shi yana cewa direba da tebur, bai jin Ingilishi a bakinsa. Ni in na ce mushe ko kamiyo ko lokotoro, sai ya ji Faransa. Aro ne duka, mai bashin ne kawai ya bambanta.

Da na karanta tarihin Ingila da Sikotilan sai na ga ba mu kaɗai ba ne. Su ma masarautu biyu ne da suka daɗe suna yaƙi, aka haɗe su a 1707, arziki da fada suka tattara a Landan. A ƙamusunsa na 1755 Samuel Johnson, wurin fassara sunan wani hatsi, sai da ya soka cewa a Ingila abincin dawaki ne, a Sikotilan na mutane. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai David Hume ne, babban masanin Sikotilan, da ya zauna ya jera kalmomin yankinsu don ya riƙa kauce musu a rubutu. Na gane shi sarai. Ko a wannan ɗan rubutu, "tafi" nake ta sawa, ba wanda ya tilasta ni.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. A Zinder ɗan Birni na jin na ce Garagumsa sai ya tambaye ni ko mun fara cin shinkafa. Ni kuma, Allah na gani, na sha kwaikwayon maganar Adarawa a ɗakin kwana, ana dariya, ba Ba'adare ko ɗaya a wurin da zai rama.

Kafin mu bar rumfar nan wayar yaron ta yi ƙara. Ya koma bayan tulin atamfa ya rage murya, amma ina jin sa. Mahaifiyarsa ce. "Inna, ba ni samun tahowa sai an hita kasuwa," in ji shi. Na tambayi dattijo ɗan ina ne yaron. Ya ce daga wani ƙauye a ƙasar Ɓaɓura aka kawo masa shi, dab da bakin iyaka, bai fi shekara uku a Kano ba.